Raƙumi da Akalarsa: Daga Zangon Ayari Zuwa Tashar Jirgin Kaduna

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2024 domin raƙumi da danginsa, bisa shawarar da ƙasar Bolibiya ta gabatar aka zartar tun 2017. An yi bukukuwa a ƙasashe da dama, amma a nan kudancin Kaduna, daga Kakuri zuwa Makera har Barnawa, inda da yawa daga cikinmu muka yi kaka-gida, shekarar ta shigo ta fita shiru kamar ba a yi ta ba. Ban ga laifin kowa ba. Yaron da aka haifa a Nasarawa ko Unguwar Telebijin, in ka ce masa raƙumi, abin da zai faɗo masa a rai shi ne hoton da ke ƙarƙashin harafin R a littafin aji ɗaya, ko kuwa naman da ake watanda da shi da Babbar Salla. Bai san cewa gishirin da kakan kakansa ya ci, da takardar da malamin garinsu ya rubuta Alƙur'ani a kanta, duk a bayan wannan dabba suka iso ba.

Nufina a nan shi ne in bi sawun raƙumi a ƙasar Hausa tun shigowarsa, domin mu 'yan asalin garuruwan bakin iyaka da neman abinci ya watsa cikin birane mu san abin da ya yi mana. Zan kuma nuna cewa wannan gari da muke zaune a cikinsa yana da hannu dumu-dumu wajen sauke raƙumi daga muƙaminsa na da.

SHIGOWARSA ƘASAR HAUSA

Tsohon littafin nan na tarihin sarakunan Kano, wanda Baturen mulki H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya ambaci Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, a matsayin sarkin da ya fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa. A zamaninsa ne kuma aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Littafin ya ƙara da cewa a zamanin Sarki Yakubu, wato 1452 zuwa 1463, Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya wadata a ƙasa. Bayan Yakubu sai Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi. Mai karatu ya lura da yadda abubuwan suka jeru cikin shekara sittin kacal: raƙumi ya zo, gishiri ya biyo shi, sa'an nan babbar kasuwa ta kafu. A ganina wannan jeri ba dace ba ne kawai. Kasuwa ba ta girma sai da abin da zai kawo mata kaya daga nesa.

Ko harshenmu ma shaida ne. Muna da amale, muna da taguwa, muna da tozo da akala. In an ga mutum yana bin wani ido rufe sai a ce ya zama raƙumi da akala. Da muka ga doguwar dabbar nan ta daji mai zane a jiki, ba mu sami sunan da ya fi dacewa da ita ba sai raƙumin dawa. Haka nan duk inda ka ji gari ko unguwa mai suna Zango, kama daga Zangon Daura zuwa Zangon Aya da ke kan hanyar Zariya, har zangunan Kumasi da Ankara a ƙasar Gana, to wuri ne da fatake suka taɓa sauke kaya su kwana. A birnin Kano har yau akwai unguwar Agadasawa, akwai kuma Dandalin Turawa, wanda ya samo sunansa tun lokacin da kalmar Bature take nufin Balaraben arewa, kafin Ingilishi su zo su gaje ta.

AYARIN GISHIRI

Cikin dukan hidimomin raƙumi babu wadda ta taɓa talakan ƙasar Hausa kamar ayarin gishiri, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Gishirin yana fitowa ne daga Bilma da Faci, dausayoyi biyu a tsakiyar hamada, arewa maso gabashin ƙasar Nijar ta yau. Mutanen wurin suna haƙa ramuka, ruwan gishiri ya tsattsafo, rana ta ƙafar da shi, sai su kwashe su zuba a mazubi su fitar da kantu. Suna da gishiri da dabino, amma ba su da hatsi. Mu kuwa muna da gero da dawa da auduga, ba mu da gishirin da zai ishe mu da dabbobinmu. Tsakaninmu da su akwai sahara, kuma daga Agadas zuwa Bilma kaɗai tafiyar wajen kilomita 600 ce cikin yashin Tenere, inda ake kwana da kwanaki ba a ga rijiya ko ciyawa ba. Doki ba ya iya wannan tafiya, jaki da takarkari ma haka. Buzayen Azbin ne suka zama gada tsakanin masu gishiri da masu gero, kuma raƙumi ne ginshiƙin gadar.

Tsarin tafiyar shekara guda yake cinyewa. Da damina raƙuma suna kiwo a Azbin su yi ƙiba. Wajen watan Oktoba sai a taru a ɗaure wa kowane raƙumi damin ciyawar da zai ci a hanya, da geron da za a yi musaya da shi, a kama hanya bayan madugu, wanda ya san hanya da taurari da kamannin tuddan yashi. Ba a tsayawa da rana. Mutane suna cin abinci suna shan ruwa a cikin tafiya, domin in ayari ya tsaya raƙuma suka watse, tattara su wani aiki ne. A Bilma kowane raƙumi yakan ɗauki kantu huɗu zuwa shida da ɗan dabino. In sun komo Azbin suka huta, sai su gangaro kudu ta Damargu da Damagaram ko Tasawa, su iso Katsina, Daura, Kano da ƙasar Sakkwato da sanyin hunturu, daidai lokacin da manomi ya gama girbi, rumbu ya cika.

A nan ne wata hikima take wadda ban ga littattafan makaranta suna kula da ita ba. Buzaye ba sayar da gishiri kawai suke yi su juya ba, sukan zauna rani guda a gonakinmu. Raƙuma su ci kara da harawa da ganyen gawo, su bar wa gona taki, mai gona ya ba baƙonsa hatsi ladan zama. Kowane Buzu yana da gidan da yake sauka shekara da shekaru, har 'ya'ya su gaji amanar daga iyaye. Da bazara ta gabato sai su ɗaure gero, da turkuɗin Kura wanda suke naɗa rawani da shi, da takalma da sirdi da sauran kayan fata, su koma arewa kafin ruwa ya sauka. Ashe abin da masana suke ta rubuce-rubuce a kansa yau, wato zaman noma da kiwo cikin taimakon juna ba tare da an kashe ƙasa ba, kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna yin sa ba tare da takardar yarjejeniya ba.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo irin wannan ayari daga Azbin a ƙarshen 1850, ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Ya ƙiyasta gishirin da ayarin ya kawo da kayan raƙuma 3,000, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano take fitarwa duk shekara da aƙalla wuri miliyan 300. A farkon ƙarni na 20 Faransawa sun ga ayarin Bilma da ya kai raƙuma 20,000.

Ban da hanyar gishiri akwai doguwar hanya wadda ta tashi daga Kano ta bi ta Damagaram, Azbin, Gat da Gadamas ta faɗa Tarabulus a bakin Bahar Rum, tafiyar watanni. Ta nan takarda, alharini, tsakiya, takubba da littattafai suke shigowa. Ta nan kuma jar fatar akuya, gashin jimina da hauren giwa suke fita. Tilas a faɗi cewa bayi ma ta nan aka bi da su, a ƙasa suna bin raƙuma, kuma da yawa ba su kai ba. Tarihi ba ya cika in an zaɓi mai daɗi an bar mai ɗaci.

IYAKAR RAƘUMI DA ZUWAN DOGO

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ayarin bai taɓa sauka a bakin kogin Kaduna ba? Amsar tana jikin dabbar. An halicci raƙumi domin busasshiyar ƙasa. Tozonsa kitse ne, ba ruwa ba kamar yadda yara suke zato. Yana iya rasa ruwan da ya kai rubu'in nauyin jikinsa bai faɗi ba, in ya sami rijiya kuma ya sha lita ɗari cikin 'yan mintuna. Zafin jikinsa yakan hau da rana ya sauka da dare, don haka ba ya ɓarnar ruwa wajen gumi. Tafin ƙafarsa faffaɗa ne mai taushi, ya dace da yashi, amma a taɓo santsi yake yi har ya karye. Sa'an nan ga ƙudan tsando da sauran ƙudaje masu cizo, waɗanda suke sa wa dabbobi sammore, kuma kurmin da ke bakin kogunan kudancin Zazzau matattararsu ce. Ba banza ba Turawa suka kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore a nan Kaduna. Saboda haka aikin ya rabu biyu: raƙumi ya kawo kaya Kano ko Katsina, jaki da ɗan alaro su karɓa su nufi Nufe, Ilori da Gwanja su komo da goro.

Abin da ƙuda ya hana raƙumi, ƙarfe ya yi shi. An fara shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro a 1907, ta ƙetare kogin Kaduna ta bi ta Zariya ta isa Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912 tare da haɗa ta da hanyar Ikko. Kayan da suke cin watanni kafin su zo daga Tarabulus sai ga su suna zuwa daga bakin teku cikin 'yan kwanaki, a kan kuɗi kaɗan. A wannan shekara ta 1911 kuma Italiya ta auka wa Tarabulus da yaƙi, ƙofar arewa ta toshe. Dama Faransawa sun riga sun kama Damagaram a 1899, suka kuma riƙa ƙwace raƙuman Buzaye domin jigilar sojojinsu. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta zo ta yi tata ɓarnar. Abin da ya rage yaƙin Kawusan ya ƙarasa shi: daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 Buzaye suka tsare Faransawa a barikin Agadas, da aka karya su sai aka hallaka mutane da raƙuma masu ɗimbin yawa, sauran suka gudo kudu, wasunsu suka zauna a ƙauyukanmu har jikokinsu suka zama Hausawa.

A 1917, shekarar da Agadas ta zama kango, a cikinta ne hedkwatar Arewa ta tashi daga Zungeru ta dawo Kaduna. A 1927 hanyar jirgin gabas da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Kafanchan ta zo ta haɗu da ta Kano a tashar da ke wannan gefe na kogi. Unguwanninmu na Makera da Kakuri a gindin wannan mahaɗa suka tsiro. Idan Kurmi 'yar raƙumi ce, to kudancin Kaduna ɗan jirgin ƙasa ne, kuma iyayenmu da suka baro gida suka zo neman aiki a nan sun bi arziki ne zuwa inda ya ƙaura.

BAI MUTU BA, SANA'A YA SAKE

Kuskure ne a ɗauka cewa jirgi ya kashe raƙumi nan take. Jirgi ba ya barin dogonsa, gyaɗa kuwa a ƙauye take. Tun daga 1912 da cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano, raƙuma da jakuna ne suke kwaso buhuna daga ƙasar Daura, Kazaure, Gumel har da Damagaram su kawo bakin tasha. Da jirgi ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, can ma haka aka yi. Dalar gyaɗar nan da ake haɗa sunanta da Alhasan Ɗantata, wadda muke alfahari da hotonta, wani kaso nata a kan tozo ya iso. Babbar mota ce ta ƙwace wannan aiki bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da hanyoyi suka yawaita.

Akwai wani labari da nakan ba ɗalibaina in muna darasin labarin ƙasa. A tsakiyar Tenere akwai wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tilo, babu wata a kusa da ita ko ta ina har tafiya mai nisan gaske. Ayari bayan ayari sun wuce ta gindinta, ba wanda ya sare ta ya hura wuta, ba wanda ya bar raƙuminsa ya cinye ta. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta ta faɗi. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai.

Daga nan raƙumi ya zama abin ado a idon mutanen birni. Ana ganin sa a hawan salla, an gan shi a babban hawan daba da aka yi a Kaduna lokacin bikin FESTAC a 1977, shi ke nan. Almajiri a zaure yana karanta babin zakka, yana haddace cewa raƙuma biyar ne nisabi, alhali bai taɓa ganin biyar a wuri ɗaya ba.

Amma a karkara wani abu dabam yake faruwa. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe shanu, annobar bushiya ta 1983 ita ma ta yi musu mummunar ɓarna. Raƙumi ya tsallake duka, domin shi ba ciyawar ƙasa kaɗai ya dogara da ita ba. Yana miƙa wuya ya ci ganyen aduwa, magarya, bagaruwa da farar ƙaya, waɗanda suke da ɗanyen ganye lokacin da ƙasa ta zama fako. Manoman arewacin Sakkwato, Katsina, Jigawa da Yobe suka gano cewa raƙumi ɗaya yana jan garmar da sai an haɗa bijimai biyu, ga shi da rani ba sai an saya masa dusa da harawa mai yawa ba. Yana jan guga a rijiya mai zurfi, yana kai taki gona, yana ɗauko amfani ya kawo gida, ranar kasuwa kuma ya ɗauki kayan da suka kai kilo 150 zuwa 200 ya bi ta yashin da a-kori-kura take kafewa. Tun daga 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, duk wanda yake zuwa gida ya san yadda darajar dabbar aiki ta ƙaru. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa.

DANGINSA NA ƘETAREN TEKU

Na ambata a farko cewa Bolibiya ce ta kawo shawarar shekarar raƙuma, alhali ƙasa ce ta duwatsu a Amurka ta Kudu. Dalili shi ne raƙumi yana da 'yan uwa a can, ƙanana marasa tozo, waɗanda suke rayuwa a kan tsaunukan Andis masu tsananin sanyi. Biyu na gida ne, lama da alfaka. Biyu na daji, bikunya da gwanako. In aka haɗa su da namu mai tozo ɗaya, da mai tozo biyu na Mangoliya da Sin, da ɗan uwansa na jeji, dangin sun zama bakwai.

Tarihin lama ya yi kama da na raƙuminmu har abin ya ba da mamaki. Ba ya ɗaukar fiye da kilo 25 zuwa 30, ba a kuma hawansa, amma da shi daular Inka ta yi jigilarta kafin Sifaniyawa su zo a 1532, da shi kuma aka yi ta kwasar azurfar Fotosi bayan an gano ta a 1545. Har ma suna da nasu ayarin gishirin: makiyaya su sari gishiri a fakon Uyuni, su ɗora wa lama, su gangara kwari su yi musaya da masara. Can ma babbar mota ce ta karɓe hanyar.

Inda suka sha gabanmu shi ne wajen alfaka. Ita ba ta ɗaukar kaya, gashinta ake aske wa, mai laushi da ɗumi. A 1836 wani mai masaƙa a Biradifod ta Ingila, Titus Salt, ya gano yadda za a kaɗa gashin da inji, ya yi arziki da shi har ya gina gari sukutum domin ma'aikatansa. Daga baya mutanen Feru, inda mafi yawan alfakar duniya take, suka kafa masaƙunsu a birnin Arekifa, suna sayen gashi daga dubban iyalai makiyaya suna fitar da zare da tufafi zuwa ƙasashen waje. Bikunya kuwa saura ƙiris mafarauta su ƙarar da ita a shekarun 1960 saboda tsadar gashinta. Aka hana kashe ta, aka ba ƙauyuka izinin kewaye ta su aske su sake ta da rai, kuɗin ya shiga hannunsu. Da mutane suka ga mai rai ta fi gawa amfani, su da kansu suka zama masu gadinta, yawanta ya komo dubu ɗaruruwa.

Duk wanda ya zauna a Kakuri ba zai karanta wannan bai yi ajiyar zuciya ba. Mu ma mun yi masaƙu. An buɗe Kaduna Textiles a 1957 a zamanin Sardauna, United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles da sauransu, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla da albashin waɗannan masaƙu aka biya musu kuɗin makaranta. Ta farko ta rufe a 2002, babbar cikinsu ta dakatar da aiki a 2007. Dalilan suna da yawa, ba nan ne wurin lissafa su ba. Abin da nake so a lura da shi kawai shi ne mutanen Andis sun ɗaura masana'antarsu a kan dabbar da ƙasarsu ta fi kowa iya kiwonta, suka riƙe ta da rai suna cin amfaninta kowace shekara. Mu kuwa raƙumi wuƙa kaɗai muka tanadar masa.

INDA MUKE A YAU

Ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka yi a 1990 ta sami raƙuma wajen 88,000 a Nijeriya, a lokacin da shanu suka kusa miliyan 14. Ko da yake sun ƙaru tun daga lokacin, har yanzu ba mu kama ƙafar maƙwabtanmu ba: Nijar tana da fiye da miliyan ɗaya da rabi, Cadi kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi kowa raƙuma a duniya. Mafi yawan waɗanda ake gani a kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, da Maigatari ran Alhamis, da Illela, daga ƙetaren iyaka suke zuwa, kuma galibinsu mayanka suka nufa, musamman ta Kano. Naman ya fi na sa sauƙin kuɗi, ba shi da kitse sosai, kuma mutanen birni da yawa sun sha cin sa a tsire da kilishi ba su sani ba. Wato mu masu ci ne, ba masu kiwo ba. An ga illar haka lokacin da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sa'ad da kasuwannin bakin iyaka suka yi sanyi, dillali da mahauci da mai abincin kasuwa duk suka ji a jikinsu. Matsalar ɓarayin daji ita ma ba ta ƙyale masu raƙuma ba.

Babban abin da muka yi sakaci da shi shi ne nono. Taguwa tana ba da nono shekara guda ko fiye, har cikin tsakiyar rani lokacin da hantsar saniya ta ƙafe, kuma nononta ya fi na saniya sinadarin bitamin C nesa ba kusa ba. A Muritaniya wata injiniya mai suna Nancy Abeiderrahmane ta buɗe masana'antar Tiviski a Nuwakshot a 1989, tana sayen nonon raƙumi daga makiyaya tana dafa shi da inji tana zubawa a kwali. A Kenya, inda fari ya sa makiyaya da yawa suka koma kiwon raƙuma, ƙungiyoyin mata a garin Isiyolo suna tara nono su sanyaya shi su aika Nairobi kullum. A biranenmu kuwa sai dai ka ga ana yawo da shi ɗanye a jarka cikin rana, ana tallarsa a matsayin maganin kowace cuta. A nan dole in ja kunne. Ɗanyen nono yana iya ɗauke da bakkale, wadda take kama mutum da zazzaɓi mai naci. Tun 2012 kuma aka gano wata cutar numfashi a Saudiyya mai suna MERS wadda take da alaƙa da raƙuma, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan shan ɗanyen nono da fitsarinsu. A tafasa shi kafin a sha, kuma mai ciwon sukari kada ya ajiye maganin asibiti saboda maganar mai talla.

Wanda yake tunanin sa kuɗinsa cikin wannan kiwo a gida, kamar yadda da yawanmu suke ba da ajiyar shanu da tumaki, ya kamata ya san lissafin tun da wuri. Taguwa ba ta haihuwar fari sai ta kai shekara huɗu zuwa biyar. Cikinta wata goma sha uku ne, ɗa guda take haifa, kuma galibi sai bayan shekara biyu take sake wani. Ba kiwon mai gaggawa ba ne. Tana bukatar makiyayin da ya san halinta, da maganin ƙazuwa da na sammore, da kuma fili mai itatuwa. In aka sake ta ba tsaro sai ta cinye dashen mutane, a sayi rigima da kuɗi. A gefe guda kuma tana iya shekara ashirin tana haihuwa tana ba da nono, amale kuma ya yi ta noma da dako ana biyan mai shi. Masu ilmin abin ba su yi mana nisa ba, akwai su a cibiyar binciken dabbobi ta Shika da tsangayoyin likitan dabbobi na Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ga kuma Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2024.

Likitocin dabbobi da suka yi bincike a mayankun Kano, Sakkwato da Maiduguri sun sha ba da rahoton cewa ana yanka taguwoyi masu ciki, sai an farke a tarar da ɗa. Makiyayi ya sayar ne don bukata ta kama shi, mahauci kuma nauyin nama yake dubawa. Ga dabbar da take ɗaukar wata goma sha uku kafin ta haifi ɗa guda, wannan asara ce ta shekara biyu a yanka ɗaya. Duba ciki kafin yanka aiki ne na 'yan mintuna ga ma'aikacin dabbobi, kuma irin wannan taguwa ita ce ta fi dacewa ɗan birni mai ɗan hali ya saye ta daga hannun dillali tun a kara, ya mai da ita ƙauye a hannun wanda ya iya kiwonta.